Daga Gishirin Amadror Zuwa Kuɗin Cikin Wasa: Tarihin Adalcin Farashi a Tamanrasset

Gabatarwa

A garin Tamanrasset da ke kudancin Aljeriya, kamar a Agadas da Maraɗi da Kano, matasa da dama suna buga wasannin wayar hannu irin su Free Fire da PUBG Mobile. Sauke waɗannan wasanni kyauta ne, shigarsu ma kyauta ce. Sai dai Bahaushe ya ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanonin da suka ƙirƙiro su suna samun ribarsu ne ta hanyar sayar wa mai wasa wani kuɗi na musamman wanda ba ya aiki a ko'ina sai a cikin wasan. Da shi ake sayen tufafi da adon makamai da tikitin kakar wasa. Kuɗin kuwa ba a sayar da shi gwargwadon buƙatar mai saye. Ƙunshi-ƙunshi ake kasa shi, kowane ƙunshi da farashinsa.

Tambayar da hukumomin kare masu saye suka tayar a 'yan shekarun nan ita ce, shin akwai adalci a wannan kasafi? Tamanrasset wuri ne da ya dace a dubi tambayar, domin gari ne da ya tashi a kan musayar kaya da canjin kuɗi tsakanin Sahara da ƙasar Hausa. Tarihin kasuwannin wannan hanya yana nuna cewa sabon kuɗi ko baƙon lissafi ba su ne ke haifar da zalunci ba. Zalunci yakan shigo ne a lokacin da mutum ɗaya ya haɗa kuɗin da ma'aunin da kayan duk a hannunsa, mai saye kuma ya kasa gane nawa ya biya.

Tamanrasset da cinikin gishiri da gero

Tamanrasset tana cikin duwatsun Ahaggar, kimanin kilomita 1,900 kudu da birnin Aljas, kuma kimanin kilomita 400 arewa da In Gezam da ke kan iyakar Nijar. A shekarar 1905, lokacin da limamin Kiristan nan Bafaranshe Charles de Foucauld ya sauka a wurin, ƙauye ne na gidaje wajen ashirin. Faransawa suka mayar da shi sansanin soja da sunan Fort Laperrine, sannan a 1974 ya zama hedikwatar jiha a Aljeriya mai 'yanci.

Ƙasar Ahaggar ba ta noma abin da zai ciyar da mutanenta. Saboda haka tun daga ƙarshen ƙarni na 19, Buzayen Kel Ahaggar suka riƙa haƙo gishiri a filin Amadror da ke arewa da duwatsun, su ɗora wa raƙuma, ayari ya nufi kudu zuwa Damargu, arewacin Damagaram. A can suke musanya gishirin da gero, su kuma sayo turkuɗin da ake rinawa a Kura ta ƙasar Kano. Tafiyar takan ci watanni kafin a dawo gida. Wannan shi ne cinikin da Hausawa suke kira furfure, ko kuma a salon magana, ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda.

Farashin wannan musaya ba a tsaye yake ba. A shekarar da damina ta yi kyau, kayan raƙumi ɗaya na gishiri yakan samo kaya da yawa na gero. A shekarar fari kuwa sai manomi ya riƙe hatsinsa, darajar gishiri ta faɗi. Daga tsakiyar ƙarni na 20, da gishirin teku ya yawaita a kasuwannin kudu, rabon Buzaye ya yi ta raguwa, har iyakokin da aka shata bayan 'yancin Nijar a 1960 da na Aljeriya a 1962, da fari, da manyan motoci suka kwantar da ayarin. Amma ko a lokacin da cinikin ya fi tsanani, kowane ɓangare yana ganin abin da yake bayarwa da abin da yake karɓa. Ana taya kaya, mai kaya ya ce albarka, a ƙara, ya sallama. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Har yau wannan al'ada ba ta mutu ba, domin dokar Aljeriya da aka sabunta a 2020 ta halatta wa 'yan kasuwar jihohin kudu, har da Tamanrasset, su yi furfure da Nijar da Mali, su fitar da busasshen dabino da gishiri da barguna, su shigo da dabbobi da lalle da kayan yaji.

Wuri da ƙidayarsa

A kasuwannin da ayarin Ahaggar yake sauka akwai kuɗi, kuma kuɗin shi ne wuri. Ɗalibin Hausa zai amfana da sanin cewa kalmar kuɗi asalinta jam'in wuri ce. Tarihin Kano ya nuna cewa wuri ya shigo ƙasar Hausa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731. Daga tsibiran Maldibis na tekun Indiya ake kawo shi. Ba a cin wuri, ba a ɗinka riga da shi, darajarsa kawai ita ce mutane sun yarda su karɓe shi. Ta wannan fuska ya yi kama da kuɗin cikin wasa.

A watan Janairu na 1851, Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya sauka a Tasawa, inda ya ga wani ɗan kasuwa da abokansa suna ƙirga wuri 500,000. Ya bayyana cewa ana ɗura wuri a buhunan kaba masu cin 20,000, amma babu mai karɓar buhu sai an zazzage an ƙirga a gabansa, biyar-biyar. Da ya isa Kano ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya, ta Sifaniya ko ta Ostiriya, a kan wuri 2,500. Daga wannan zamani ne harshen Hausa ya gaji kalmomin lissafi irin su hauya da zambar da keso. Abin lura a nan shi ne, ƙunshin wuri bai zama dole ba. Mai buƙatar fura ta wuri biyar zai biya biyar, sauran ya tafi da shi rumfar mai goro ko ta mai kanwa.

Akwai kuma wuraren da lissafin wuri yake da baƙuwar siga. A ƙasar Bambara, a birnin Segu da ke Mali ta yanzu, wuri 80 ake kira ɗari. Mai sari zai sayi kaya a kan wannan gajeriyar ɗari, ya kasa su goma-goma ya sayar, ya tara wuri 100 cif, bambancin ya zama ribarsa. Wannan bai zama yaudara ba, domin kowa a kasuwar ya san ƙa'idar, kuma ba ɗan kasuwa ɗaya ne ya ƙago ta don kansa ba.

Wuri ya gamu da masifa biyu. Ta farko, daga 1845 'yan kasuwar Hambug ta Jamus suka fara jigilar wani wuri mai araha daga gaɓar Zanzibar zuwa Afirka ta Yamma. Ya yi yawa har darajarsa ta zube, kafin ƙarshen ƙarnin dala ɗaya a Kano ta kai wuri kimanin 5,000. Ta biyu, a 1904 Turawan Ingila suka hana shigo da wuri Nijeriya, suka fito da anini da kwabo, suka kuma nemi a biya haraji da tsabar kuɗinsu. Wanda ya tara keso-keso na wuri ya wayi gari dukiyarsa tana narkewa a hannunsa. Darasin shi ne, duk mai ikon ƙara yawan kuɗi ko soke shi yana da iko a kan gumin waɗanda suka riƙe kuɗin.

Dala da doro

Wuri ya tafi, amma lissafi mai hawa biyu bai bar wannan hanya ba. A Nijar, Bahaushe ba ya ƙirga kuɗin sefa da faran, da dala yake ƙirgawa, kuma dala ɗaya faran 5 ce. Idan ya ce dala ashirin yana nufin faran 100, jika kuwa faran 1,000 ce. A Aljeriya an fito da dinari tun 1964, amma har yau jama'a da santim suke magana. Idan mutumin Tamanrasset ya ce dubu, dinari 10 yake nufi, idan ya ce miliyan, dinari 10,000 ne. Tsofaffi kuma suna ƙirgawa da doro, wanda yake santim 5, ta yadda doro ashirin ke zama dinari ɗaya. Dala da doro duka sunayen tsofaffin kuɗaɗen azurfa ne na Turai da suka ratsa Sahara.

Saboda haka Bahaushen da ya taso daga Damagaram ko Tawa ya je neman kuɗi Tamanrasset dole ne ya koyi juya lissafi sau biyu ko uku a ransa kafin ya sayi burodi. Baƙo yakan ruɗe a kwanakin farko, mugun mai kanti kuma yakan ci da ruɗewarsa. Amma ruɗanin ba ya daɗewa, domin ƙa'idar ɗaya ce a kowace rumfa, kuma ba ta sauyawa da son ran mai kaya. Da wannan ma'auni ya kamata a auna kuɗin cikin wasa.

Asalin kuɗin cikin wasa

Tsarin ba da wasa kyauta a sayar da kayan cikinsa ya bunƙasa ne a Koriya ta Kudu, inda kamfanin Nexon ya fito da MapleStory a 2003. A 2005 kamfanin Microsoft ya ƙirƙiro nasa kuɗin, Microsoft Points, domin na'urar wasa ta Xbox 360. An tsara cewa maki 80 su ne dalar Amurka ɗaya, tamkar ɗarin Segu. Waƙa ɗaya a shagon kiɗan kamfanin maki 79 ce, adadin da ido zai ɗauka bai kai santi 99 ba, alhali kuwa kusan daidai suke. Ƙaramin ƙunshin da ake iya saye shi ne maki 400, wato dala 5, ko da waƙa ɗaya mutum yake so. Bayan ƙorafi na shekaru, kamfanin ya soke makin a 2013, ya koma rubuta farashi da kuɗin kowace ƙasa.

Amma a daidai lokacin ne wayoyin zamani suka bazu, tsarin ya koma cikinsu da ƙarfi. Fortnite na kamfanin Epic Games da Free Fire na kamfanin Garena sun fito a 2017, PUBG Mobile ya biyo baya a 2018. Kowanne da kuɗinsa: na farko V-Bucks, na biyu lu'ulu'u, na uku UC.

Kamfanonin suna da hujjarsu, kuma ba a banza take ba. Mafi yawan masu wasa ba sa biyan ko anini, 'yan kaɗan da suke saye su ne suke ɗaukar nauyin kowa. Rumbunan manhajoji na Apple da Google sun daɗe suna yankar har kashi 30 cikin 100 na cinikin. Kowane biya da katin banki yana da kuɗin aiki, don haka tara ciniki a ƙunshi ɗaya yana rage asara. Rangwame ga mai sayen da yawa kuwa tsohuwar al'ada ce, kowace kasuwa ta san farashin sari, ta san gyara.

Inda mudun ya tauye

Matsala ta farko ita ce rashin dacewar ƙunshi da farashin kaya. A ƙarshen 2023, ana sayar da V-Bucks 1,000 a kan dalar Amurka 8.99, 2,800 a kan 22.99, 5,000 a kan 36.99, sai 13,500 a kan 89.99. Tufafin wasan kuwa galibi 800 ne, ko 1,200, ko 1,500, ko 2,000. A lokacin, mai son rigar 1,200 ƙaramin ƙunshi bai ishe shi ba, dole ya sayi biyu ya bar ragowar 800, ko ya sayi na 2,800 ya bar 1,600. Ragowar ba ta komawa aljihu, ba ta kuma aiki a wani wasa. Tana nan tana kiransa ya ciko ta ya sake saye. A kasuwar Kurmi, mai kayan da ya ce ba ya ba da canji sai dai a dawo gobe a sake saye a wurinsa ba zai daɗe da abokan ciniki ba.

Ta biyu ita ce girman tazarar da ke tsakanin mai ƙaramin ƙarfi da mawadaci. A lissafin da ke sama, mai sayen ƙaramin ƙunshi yana biyan dala 8.99 a kan kowace 1,000, mai sayen babba yana biyan kimanin 6.67. Wato talaka yana biyan ƙarin kusan kashi 35 cikin 100. A PUBG Mobile an san ƙunshin UC 60 a kan santi 99 da na UC 8,100 a kan dala 99.99, tazarar da ita ma ta kai wajen haka. Rangwamen sari a kasuwa yana da dalili, domin mai sari ya rage wa mai kaya wahalar dako da ajiya da awo. Kuɗin cikin wasa kuwa lamba ce a kwamfuta, ba a dakonta, ba ta ruɓewa. Sannan da zarar an ce an yi gyara, kuɗin ya rasa farashi ɗaya tsayayye, riga ɗaya ta zama tana da farashi huɗu gwargwadon ƙunshin da aka saya.

Ta uku ita ce hawa-hawan canji. A wasu wasannin, da kuɗin gaske ake sayen kuɗi na farko, a canza shi zuwa na biyu, a sayi tikiti da na biyun, a buɗe akwatin sa'a da tikitin ba tare da sanin abin da zai fito ba. Kafin a kai hawa na uku, babba ma ya daina lissafi, balle yaro.

A Tamanrasset wannan tsani yana da ƙarin matakai. Intanet ta wayar hannu mai sauri ta fara a Aljeriya a ƙarshen 2013, amma dinari ba kuɗi ba ne da ake canzawa a sake, kuma katin Edahabia na hukumar gidan waya a cikin gida yake aiki. Don haka yawancin masu wasa ba sa iya saye kai tsaye daga kamfani. Ta hannun dillalai suke bi, a shagunan waya ko a Facebook, su biya da tsabar kuɗi ko da BaridiMob ko da turin kuɗin kira. Dillalin kuwa da kuɗin waje ya sayo, kuma farashin kasuwar bayan fage yake bi. A 2024 yuro ɗaya a banki yana wajen dinari 145, a dandalin Port Said na Aljas kuma ya haura 240. Ɗan leburan da ya zo daga Nijar yana tunani da dala, ana yi masa magana da santim, yana biya da dinari, dillali yana lissafi da yuro ya ɗora la'adarsa, wasan kuma yana nuna masa lu'ulu'u. Idan ciniki ya lalace, ba shi da rasiɗin da zai nuna wa kamfanin da ke wata nahiya. Idan aka rufe asusunsa ko aka daina wasan, abin da ya tara zai bi sawun keson wuri.

Tsohon hukunci da sabo

Tauye mudu tsohon laifi ne a wannan yanki. Shehu Muhammadu al-Magili, haifaffen Tilimsan da ya zauna a Tuwat ta Saharar Aljeriya, ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499 kuma ya kafa kasuwar Kurmi. A amsoshin da ya ba Askiya Muhammadu na Sanwai, ya yi magana a kan masu ha'inci a awo da masu gauraya kaya, ya ɗora wa mai mulki nauyin hana su. Fiƙihun Malikiyya da ake bi daga Tamanrasset har Sakkwato ya sharɗanta cewa kafin ciniki ya inganta, dole a san kaya, a san farashi.

Hukumomin zamani sun iso wannan matsaya ta tasu hanyar. A watan Disamba na 2022, Epic Games ya amince ya biya dala miliyan 520 a sasantawarsa da hukumar kula da ciniki ta Amurka, miliyan 245 daga ciki domin mayar wa waɗanda aka ja su ga sayen da ba su yi niyya ba. A watan Satumba na 2024, ƙungiyar masu saye ta Turai, BEUC, ta kai ƙarar manyan kamfanonin wasa bakwai gaban Hukumar Tarayyar Turai a kan kuɗin cikin wasa. A watan Janairu na 2025, masu mallakar wasan Genshin Impact sun amince da tarar dala miliyan 20 a Amurka, bayan an zarge su da ɓoye ainihin farashi a bayan hawa-hawan canji. A watan Maris na 2025 kuma, hukumomin kare masu saye na ƙasashen Tarayyar Turai suka fitar da ƙa'idoji bakwai. Daga cikinsu akwai cewa a rubuta farashin kowane abu da kuɗin gaske, kada a tilasta wa mutum sayen kuɗin da ya wuce buƙatarsa, a mutunta haƙƙinsa na fasa ciniki, a kuma kiyaye rauni irin na yara.

Kammalawa

Ƙa'idojin na Turai ba su ƙunshi wani abu da madugun Amadror ko mai ƙirga wuri a Tasawa bai sani ba. A ga kaya, a ƙirga kuɗi a gaban juna, a sayi gwargwadon buƙata, a tafi da canji. Bambancin shi ne, a kasuwar da, wuri ba na mai rumfa ba ne, mudu yana ƙarƙashin idon Sarkin Kasuwa, kuma akwai wata rumfar a gaba. A cikin wasa kuwa kamfani ne ya buga kuɗin, shi ya kasa ƙunshin, shi ya yanka farashin kayan, shi ne kuma ba ya karɓar ragowa.

Waɗannan hukunce-hukunce an yi su ne domin masu saye a Turai da Amurka, ikonsu bai kai Tamanrasset ko Agadas ko Kano ba. Kafin hukumomin waɗannan ƙasashe su ɗora wa kamfanonin irin wannan sharaɗi, kariyar da ta rage wa iyaye da matasa ita ce wadda kakanninsu suka yi amfani da ita: kada a karɓi buhu sai an zazzage an ƙirga. Kafin a taɓa maɓallin saye, a mayar da lu'ulu'un zuwa dinari ko dala ko naira, a haɗa da ragowar da za ta maƙale, sannan a tambayi mudu nawa na gero wannan kuɗi zai saya.